Manyan Haruffa a Motar Barmu

Wani abokina ne ya kawo mini allon karatun nan daga Yamai, shekarar da idanuna suka fara yi mini gardama. Ni malamin kolej ne a Tawa, Faransanci nake koyarwa, kuma tun ina yaro ba ni da wata jaraba sai karatu. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, ƙwallo ma ban san wa ke cin wa ba. Da littattafan takarda suka yi mini wuyar samu sai na koma karantawa a waya, ita kuwa wayar ta dinga soya mini ido. Kafin in gama babi ɗaya hawaye sun zubo, kai ya ɗau ciwo, in na fita rana kuma ba na ganin komai a cikinta sai fuskata. To da abokin nan ya miƙo mini allon, ɗan siriri mai faɗin tafin hannu da rabi, na ɗauka wata babbar waya ce. Sai na ga fuskarsa ba ta ƙyalli, ba ta harbo haske, toka-toka ce kamar takardar jarida, rubutu ya zauna daram a kanta. Na fita da shi tsakar gida da rana tsaka don in kama shi da ƙarya, rubutun ya ƙara fitowa tar. Na tsaya cikin ranar nan ina dariya ni kaɗai har kaji suka watse.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne haruffa, don ashe ana sauya su yadda aka ga dama. Akwai masu ƙafa, waɗanda kowane harafi ke da ɗan lanƙwasa a ƙarshensa, irin na tsofaffin littattafan lakwal, wato makarantar boko. Akwai miƙaƙƙu sumul irin na takardun ofis. Akwai masu jiki, akwai ramammu. Girman kuma kai ke da iko da shi, tun daga ƙanana kamar ƙwayar gero har waɗanda kalma goma ke cika shafi. Ana ma buɗa tsakanin layi da layi. Mako guda cur na yi ban karanta komai ba, ina dai sauya wa shafi ɗaya riga ina kallo. A ƙarshe na tsaya kan miƙaƙƙu, matsakaita, na ce duk mai hankali nan zai tsaya. Daga nan na nutse. Hutun damina ne, ba aji, ba gyaran takardu, ni da allona ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida tun hantsi har a kira magariba.

Matata mataimakiya ce a ɗakin haihuwa na wata ƙaramar likita, wato asibitin unguwa. Shekararmu goma sha biyu da aure, ƴaƴa uku, kuma ba mai yawan magana ba ce. Wata la'asar ta dawo daga aiki ta tsaya a kaina tana magana. Na san ta yi magana, don na ji sautin. Na dinga cewa "to" da "madalla" a wuraren da nake jin sun dace. Da na ɗago kai na ga ba kowa. Washegari ina dawowa daga masallaci na tarar ta goya ƙaramin, ta kai manyan gidan yayata, ta hau mota sai Barmu, gidan mahaifinta. Maƙwabciyarmu ce ta ba ni sauran labarin ta kan katanga, tana dariya har da riƙe ciki. Wai da matata ta ga ba na ji, sai ta ce, "Malam, akuyarmu ta haihi jaki." Ni kuma na ce, "To madalla."

Ni ban yi dariya ba. Gidan ya yi mini faɗi, tuwon da na gwada tuƙawa ya zama kunu, kuma tsoro ya kama ni sosai, don ba ta taɓa yin yaji ba, na kuma san irin su in suka tafi ba da wasa suke tafiya ba. Na aiki wani dattijon abokin aikina biko, ya je ya dawo hannu biyu. Ya ce surukina ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi ruwa, ya ce, "Wanda yay yi laihin ya zaka da ƙahwarshi."

Surukin nan nawa tsohon ma'aikacin jinya ne, ya yi ritaya, duk Barmu lokotoro ake ce masa. Dogo ne, ba ya dariya a banza, kuma tun farko bai so a ba malamin lakwal ƴarsa ba. Shekara goma sha biyu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce a tsugune, in tashi in bar wurin. Shi ne mutumin da zan je in zauna gabansa in roƙi matata.

Kwana na tara na sa babbar riga, na hau kabu-kabu zuwa tasha. Na samu wuri a ƙaramar bas mai zuwa Barmu, kujerar tsakiya, jikin taga. Mota ta kusa cika sai na ji wata murya a waje tana tambayar ko da sauran wuri. Surukina ne. Ashe ta'aziyya ta kawo shi Tawa ya kwana. Na dira daga motar nan ban san ta ina na bi ba, na tsuguna na gaishe shi. Ya ce, "Lahiya lau," bai ƙara ba. Aka ba shi gidan gaba, ya bar wa wata mai jariri marar lafiya. Na nuna masa kujerata, ya ɗaga hannu alamar a'a. Ya shiga ya zauna a bayana daidai, gwiwoyinsa na taɓa kujerata, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Haka muka tashi, na ba surukina ƙeya.

Wanda bai taɓa zama haka ba ba zai gane ba. Ban san inda zan ajiye idona ba, ban san yadda zan yi da wuyana ba, tari ya zo mini na haɗiye shi. Muna fita gari muka hau jar hanya, sai na ga hannuna ya shiga aljihu da kansa ya fito da allon. Sai da na karanta rabin shafi sannan na tuna cewa wannan abin ne ya kori ƴar mutumin da ke bayana. Na yi niyyar mayar da shi, na ga kuma mayarwar ta fi fitarwar tonon asiri. Na daure na juya shafi.

Sai na ji ɗan tsaki a bayan kunnena, siriri, irin wanda mutum ke yi in an ɗauke masa kwano bai gama ba.

Na ce ko da hanya yake. Na karanta shafi na gaba, na juya, tsakin ya sake zuwa. Da waya ce a hannuna da na ga fuskarsa a cikin gilashin, amma allon nan ba ya nuna kowa. Sai dai na ji numfashi a gefen wuyana da ƙamshin turarensa, na tabbata tsohon nan ya sunkuyo yana karanta littafina. Littafin Faransanci ne, labarin wani kuku a jirgin ruwa da aka zarga da kashe kyaftin. Na riga na kai tsakiya. Na yi kamar na manta wani abu, na koma shafin farko, na ɗan ɗaga allon daidai kafaɗata, na jira.

Na ji ya matso. Sannan ya yi gyaran murya. Na ƙara girman haruffan taki ɗaya. Ya sake gyaran murya. Na ƙara. Mota na ta karkarwa kan gargadar hanya, layuka na tsalle, na ƙara taki biyu na buɗa tsakaninsu. Gyaran muryar ya tsaya, amma na ji bai gamsu ba, yana ta motsi. Sai na tuna zamanin da ya yi lakwal, na buɗe jerin haruffa na fara bi. Masu jiki, tsaki. Ramammu, tsaki mai ƙarfi. Miƙaƙƙuna da nake alfahari da su ma tsaki suka samu. Da na taɓa masu ƙafa, irin na tsofaffin littattafai, sai na ji can ƙasan maƙoshi an ce, "Yawwa."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta daɗin da na ji ba. Shekara goma sha biyu ban taɓa yin abin da mutumin nan ya ce wa yawwa ba. Dariya ta taso mini tun daga ciki, na danne ta da haƙora, kafaɗuna na rawa. Ga ni za ni biko, ga ni kuma ina jin kamar in leƙa taga in yi guɗa.

Ba mu yi shawara ba, amma muka samu tsari. In ya gama shafi sai ya buga ƙarfen kujerata da sanda sau ɗaya, ƙwas, ni kuma in juya. Da haruffan suka yi girma shafi bai fi layi shida ba, don haka ƙwas ɗin ba ya jimawa. Hanya ta karkata, rana ta shigo ta tagata ta kwanta kan allon. Na kai hannu zan kare, sanda ta taɓa gwiwar hannuna, na janye. Shi ma ya gane cikin rana abin ya fi kyau.

Kusa da ni akwai wata dattijuwa mai sayar da cuku, ta kai kayanta Tawa ta sayar, tana komawa da sukari da ganyen shayi a cikin roba. Ta daɗe tana kallon yatsana. Can ta ce, "Kai Malam, mi kake dannawa tun ɗazu awa mai kashin ƙwarkwata?"

Ni da bakin magana a gaban suruki? Na yi ƴar murmushi na sunkuyar da kai. Sai muryarsa ta fito daga baya, da ita yake, ba da ni ba.

"Labari ne ciki, Hajiya. Wani kuku na jirgin ruwa anka ce ya kashe mai jirgin."

"Subhanallahi! Ya kashe shi?"

"Ba mu kai nan ba tukuna."

Ba mu kai ba. Mu. Ni da shi ke nan. Na kusa sakin allon.

Daga nan abin ya fita hannuna. Hajiya ta ce sai an gaya mata, tsoho ya fara fassarawa, shafi bayan shafi, da Hausarsa ta Adar. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba, sai ga shi yana muryar kyaftin, yana muryar kuku, yana kwatanta teku ga mutanen da babban ruwan da suka sani shi ne tabkin damina. Motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Wani mai rawani a can baya ya rantse matuƙin jirgin ne ya yi kisan, Hajiya ta ce ƙarya ne, ita tun farko ba ta yarda da matar kyaftin ba. In ƙwas ya yi jinkiri sai a ce, "Lokotoro, muna jira." In na yi jinkirin juyawa sai Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu. Babban yatsana ya ƙage, kafaɗata ta mutu, ban sauke ba.

Ana cikin haka na tuna abin da ke babi na huɗu, gumi ya karyo mini. Na riga na karanta wurin. Kukun da matar kyaftin za su haɗu a ɗakin ajiyar abinci, kuma marubucin bai san kunya ba ko kaɗan. Shafi uku ne a ƙananan haruffa, a waɗannan kuwa zai kai ashirin, kowace kalma ƙatuwa, a gaban uban matata. In tsallake, zai gane. In kashe allon, motar nan za ta cinye ni. Muna matsowa, matar kyaftin ta riga ta tura ƙofa. Sai na danna wurin girman haruffa na ja shi har ƙasa. Rubutun ya koma ɗigo-ɗigo, ni kaina ba na gani. Na juya shafi uku da sauri, na mayar da girman yadda yake, na ɗaga allon, ina kallon gonakin gero kamar ban san abin da ya faru ba.

Hajiya ta ce, "Lokotoro, mi ya hwaru? Ta shiga ɗakin, sai mi?"

Tsohon ya ce, "Nan ga, Hajiya, rubutun ya ji kunya, ya ƙanƙance. Ga shi ya dawo. Sun hito, kukun na gyara hula."

Motar ta fashe. Mai rawani ya dinga buga cinya, direba ya kusa sauka hanya, Hajiya ta rufe fuska da mayafi tana cewa ai ta faɗa. Ni na kifa goshi a kujerar gabana, dariya da kunya suka haɗu suka fito mini ta ido. A bayana na ji wani ɗan sauti gajere wanda ban taɓa ji ba, ina kyautata zaton dariyarsa ce. Ƙwas. Na juya shafi.

Muka shiga Barmu ba a san wanda ya kashe kyaftin ba. Fasinjoji suka sauka suna gunaguni, Hajiya ta sa tsoho ya yi mata alkawarin ƙarshen labarin. Ni kuwa na sauka ina jin ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. A raina na ce an gama, matata ta dawo, wa zai hana abokin karatunsa mata? Na bi bayansa da taki goma har gida ina murmushi kamar wawa.

Bayan azahar aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ya shigo ya zauna kan kujerarsa, na ɗan saci kallonsa, murmushina ya gudu. Mutumin motar ya tafi, surukina ne ya dawo. Na fara jawabin da na shirya, ya tsayar da ni.

"Malam, ka san ƙauyen da munka wuce bayan gadar nan, mai manyan gawo?"

Na ce na sani, Baba.

"Nan anka bizne uwata. Tun rasuwarta ban taɓa wuce wurin ban yi mata addu'a ba. Yau sai da munka iso tasha nat tuna." Ya ƙara da cewa, "Ni tsoho, tahiya guda, abin ga ya yi min hakanga. Ɗiyata wata nawa tana zaune da kai?"

Duk daɗin motar nan ya tsiyaye, na ji kunyar da ta fi ta babi na huɗu nesa ba kusa ba. Ya ce shi ba zai ce ta koma ba, ba zai ce ta zauna ba, maganar tata ce. Ya miƙe, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na gane, na sa masa allon da hannu biyu. Ya ce, "Bar shi ga girman da yake. Ina ne aka dannawa?" Na nuna masa gefen dama. Ya fita da shi wajen inuwar ƙofar gida.

Ta shigo bayan ɗan lokaci, ta zauna bakin ƙofar cikin gida, ta ba ni gefe. Ta rame kaɗan. Na gaishe ta, na tambayi yaron, na ba da haƙuri iyakar iyawata, ni da nake koyar da iya magana. Ta bar ni na gama.

"Malam, mi nac ce maka ran nan?"

Na so in yi dabara, na ga ba wurinta. Na ce, "Wallahi ban sani ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba."

Ta gyaɗa kai kamar abin da take jira ke nan. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da aka ninke huɗu, ta turo mini ita kan tabarma. Kwafi ne na kwafi, ya dushe, ya karkace, wani baƙin layi ya ratsa tsakiya, haruffan ƙanana har sun cuɗe da juna. Ban taɓa ganin mummunan bugu irinsa ba. Yatsana ya kai gefen takardar yana neman wurin ƙara girma. Na tashi na kai ta bakin ƙofa wurin haske, na matso da ita har hanci. Jerin sunaye ne na waɗanda suka ci jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Sau uku tana zama jarrabawar nan, sau biyu tana dawowa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A ƙasa an rubuta ranar da za a kai takardu, na lissafa, saura kwana uku.

"Tana hannuna ran nan," ta ce. "Daga wurin aiki ban tsaya ko'ina ba. Na miƙa maka ita har hannuna ya gaji. Kai da ka hi kowa son karatu."

Na fara daga sunan farko, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina kiran suna a aji. Nata ne na bakwai. Na karanta shi tare da na mahaifinta, muryata ta karye a tsakiya, na ji alfahari da takaicin kaina sun kama ni lokaci guda.

Ta ce, "Ban ji ba. Koma."

Na koma, a hankali, na karanta shi daidai. Ta miƙo hannu ta karɓi takardarta, ta ninke ta yadda take, ta ɗaure a bakin zane. Sannan ta ce in yi sauri in je tasha in kama mana wuri biyu kafin motar ta cika, ita za ta haɗa kayan yaron.